Tsakanin Sahu Biyu: Horon Barikin da Ya Zama Karin Maganar Turanci

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da jaridun Turanci ya saba cin karo da wata jimla da ake ɗaukowa a duk lokacin da wani babba ya shiga uku a bainar jama'a. Minista ya fito daga zauren majalisa bayan an bankaɗo wata badaƙala, 'yan jarida sun yi dafifi a bakin ƙofa, dama da hagu ana miƙo masa makirufo ana yi masa ruwan tambayoyi, motarsa kuwa tana can ƙarshen harabar. Washegari jaridun Landan za su ce ministan ya yi abin da suke kira "run the gauntlet". Haka suke faɗa game da ma'aikacin da ya bijire wa yajin aiki ya ratsa ta tsakiyar abokan aikinsa suna yi masa ihu. Haka kuma suka riƙa faɗa game da jiragen dakon kaya da suka yi ƙundumbala suka bi ta mashigin Babul Mandab tun daga ƙarshen 2023, lokacin da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa hari.

Mai fassarar da ya buɗe ƙamus don neman mafita zai ƙara rikicewa ne. Kalmar farko gudu ce, wannan kowa ya sani. Ta ƙarshen kuwa ƙamus zai ce masa safar hannu ce ta ƙarfe, irin wadda barade masu sulke suke sawa a Turai ta zamanin da. To, me ya haɗa gudu da safar hannu? Babu abin da ya haɗa su. Babu safa ko ɗaya a cikin wannan magana, gudun ma ba a cika barin mutum ya yi shi ba. Abin da ke cikinta hoton wani horo ne na soja: mutane a jere sahu biyu suna fuskantar juna, kowa da tsumagiya a hannu, a tsakaninsu siririyar hanya, mai laifi kuma an tuɓe masa riga zai bi ta cikinta daga wannan baki zuwa wancan.

Kalmar ta shigo Turanci ne a bakin sojojin haya. Daga 1618 zuwa 1648 tsakiyar Turai ta kasance cikin abin da ake kira Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya faro daga rikicin Katolika da Furotesta ya rikiɗe ya zama kokawar sarakuna. A 1630 Sarki Gustavus Adolphus na Suwidin ya sauka da rundunarsa a gaɓar arewacin Jamus. Suwidin ƙasa ce mai ƙarancin jama'a, saboda haka rundunar cike take da baƙi masu yaƙi don albashi, dubbai daga cikinsu kuwa 'yan Sikotilan ne da 'yan Ingila. Wasunsu sun yi nisa ƙwarai: Alexander Leslie ya kai muƙamin fil mashal kafin ya koma Sikotilan a 1638. Da wuta ta kama a tsibirin Birtaniya, har ta kai ga yaƙin basasar Ingila a 1642, waɗannan tsofaffin hannu aka nema su horar da sabbin rundunoni. Sun dawo da dabarun jera masu bindiga da masu mashi, sun kuma dawo da kalmomin bariki.

Ɗaya daga cikinsu ita ce "gatlopp". A harshen Suwidin "gata" titi ne ko lungu, "lopp" kuma gudu ne ko tsere. Gudun lungu ke nan. Bakin Ingilishi bai iya furta ta yadda take ba, sai ya lanƙwasa ta ta koma "gantlope", kuma da wannan siffa aka fara ganinta a rubuce a shekarun 1640. Ba ta daɗe a haka ba. Kunne ba ya son kalmar da ba ta yi kama da komai ba, yakan ja ta zuwa ga wadda ya riga ya saba da ita. Akwai kuwa wata tsohuwar kalma a kusa, wato sunan safar ƙarfen nan, wanda Turanci ya aro daga Faransanci tun ƙarni na 15. Sannu a hankali baƙuwar ta shige rigar 'yar gida, har aka daina rarrabe su. Mu ma mun san irin wannan haɗuwa. Kwanar da direba yake sha da kwanan da matafiyi yake yi a masauki a rubuce abu ɗaya ne, alhali ɗaya aro ce daga Turanci, ɗaya kuma tamu ce tun kaka da kakanni.

Abin mamaki shi ne saurin da kalmar ta yi wajen fita daga bariki. A 1661 wani malamin coci mai suna Joseph Glanvill ya riga ya kwatanta buga littafi da bin wannan lungu, domin marubuci yana miƙa bayansa ne ga harsunan masu suka. Ko shekara ashirin kalmar ba ta yi a harshen ba, kuma a daidai lokacin ana ci gaba da fasa bayan mutane da ita a zahiri.

Safar hannun tana da nata karin maganar daban, kuma a nan ne masu fassara suka fi zamewa. A al'adar baradan Turai, wanda yake son ƙalubalantar wani ya fito su gwabza yakan tuɓe safarsa ya jefar a ƙasa, wanda ya sunkuya ya ɗauka kuwa ya amsa kira. Daga nan aka sami "throw down the gauntlet", wato jefa ƙalubale, da kuma "take up the gauntlet", wato amsa shi. Al'adar ta yi tsawon rai fiye da yadda ake zato. Har zuwa bikin naɗin Sarki George na Huɗu a 1821, wani barde daga zuriyar Dymoke yakan shigo zauren Westminster a kan doki, cikin sulke, ya jefar da safa yana neman duk wanda ke jayayya da sarautar sabon sarki. A Nuwamban 1817 ma wani mutum mai suna Abraham Thornton, wanda aka sake gurfanarwa bisa zargin kisan wata budurwa bayan kotun farko ta sallame shi, ya jefar da safa a gaban alƙalai ya nemi a raba gardamar da faɗa tsakaninsa da ɗan'uwan mamaciyar. Alƙalai suka duba suka tarar ba a taɓa soke wannan tsohuwar doka ba. Ɗan'uwan ya ƙi amsa kiran, aka saki Thornton, majalisa kuma ta yi gaggawar soke dokar a 1819. Wanda ya jefar da safa shi ke neman rigima, da ƙafarsa ya zo. Wanda aka sa ya bi lungu kuwa rigima ce ta same shi, hannunsa a ɗaure.

Shi horon ya girmi kalmar nesa ba kusa ba. Polybius, Bagiriken da ya rubuta tarihin Rum a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana abin da ake yi wa sojan Rum da aka kama yana barci a bakin gadi: hafsa zai taɓa shi da sanda, daga nan sai dukan sansanin su rufe shi da duka da jifa. Wanda ya tsira da rai ma ba shi da damar komawa garinsu. Sojojin hayar Jamus na ƙarni na 16 su ma suna da tasu kotu, inda abokan mai laifi ne ke yanke hukunci, su ne kuma ke jeruwa sahu biyu da dogayen masu, a tura shi ciki. Wannan ba a fita da rai. Abin da ƙarni na 17 da na 18 suka yi shi ne musanya mashi da tsumagiya, su kuma sa wa abin lissafi: mutum nawa za su jeru, sau nawa za a bi.

A rundunar Furusiya, wadda duk Turai ke kwaikwayo a zamanin Sarki Frederick Mai Girma, an mayar da abin kamar fareti. A fito da sojoji filin bariki, a raba wa kowa tsumagiya, a ɗaure wa mai laifi hannu. Makaɗa na ta buga ganga don kada a ji kukansa. A gabansa akwai saje yana tafiya da baya da baya, ya saita masa tsinin makami a ƙirji, don kada ya kuskura ya ɗaga ƙafa. Sunan horon gudu, amma an ajiye mutum musamman don ya hana gudun, saboda kowace tsumagiya ta sami rabonta. A bayan sahun kuma akwai hafsoshi suna zagayawa, idonsu a kan masu dukan yake. Duk wanda aka ga ya sassauta hannu, shi ma bayansa zai ji.

Wani talaka ɗan Suwizalan mai suna Ulrich Bräker, wanda aka yaudara aka shigar aikin sojan Furusiya a 1756, ya ga wannan da idonsa a Balin, ya kuma rubuta shi a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1789. Ya ba da labarin waɗanda aka kama sun gudu daga aiki ana bi da su ta tsakiyar mutum ɗari biyu har sau takwas, sai sun faɗi, washegari kuma a sake fito da su a yaye tsumman da ya manne wa raunin a ci gaba. Shi da abokinsa suna kallo jikinsu na rawa. Duk da haka abin bai hana shi gudu ba. A ranar 1 ga Oktoban wannan shekara, ana tsakiyar yaƙin Lobositz, ya sulale ya miƙa kansa ga abokan gaba, ya koma gida.

Sojan ruwan Birtaniya sun ware wannan horo ne musamman don ɓarawon da ya saci kayan abokan zamansa a jirgi. A fara yi masa bulala goma sha biyu, sannan matuƙa su jeru a kan bene kowa da guntun igiya mai ƙulli, mai kula da da'a yana gaba da takobi a ƙirjin ɓarawon, wani kuma yana biye da shi a baya. A nan, ko ba komai, akwai ɗan ƙamshin adalci, domin waɗanda aka cuta ne ke dukan. A rundunonin ƙasa kuwa laifin da aka fi yi wa wannan horo shi ne gudu daga aiki, laifin da rabin masu riƙe da tsumagiyar suke kwana da shi a zuci.

Me ya sa manyan soja suka ƙaunaci wannan hanya, alhali suna da hauni da igiyar rataya? Dalilin da suka fi faɗa shi ne mutunci. A ƙasashen Jamus na wancan zamani hauni mutum ne da ake ƙyama, kuma wanda hannunsa ya taɓa ya zubar da darajarsa, ba zai sake tsayawa cikin sahun sojoji ba. Dukan abokai kuwa ba ya zubar da daraja, da zarar bayan ya warke sai a mayar da mutum bakin aiki. Akwai kuma batun kuɗi, domin horar da kurtu yana cin dukiya, gawa kuma ba ta riƙe bindiga. Amma a ganina dalilin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ba a cika rubutawa a dokokin soja ba. Horon ya fi shafar mutum ɗari biyun nan fiye da mutum ɗayan da ke tsakiya. Kowannensu ya ga abin da ke jiransa daga kusa, kowannensu kuma ya sa hannu, har ba shi da bakin da zai ce wa hafsa azzalumi. Idan mai laifin ya mutu, wa ya kashe shi? Kowa sau ɗaya ya doka a kowane zagaye, kuma tsumagiya ɗaya ba ta kisa. Hausawa na cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Masu wannan tsari sun gane haka sarai, sai dai miyar tasu jini ce.

Babu inda wannan dabara ta kai ƙarshenta kamar Rasha. Tun zamanin Peter Mai Girma aka shigo da horon daga yamma, har da sunansa na Jamusanci, amma kurata suka raɗa masa nasu suna: koren titi, saboda ɗanyun tsumagun da ke jere gefe da gefe. A can ɗaure hannun mutum ake yi a gindin bindiga, sojoji biyu su riƙa jan sa a hankali. Ana yanke hukunci da dubbai. Likita na tsaye, idan ya ga mutum zai mutu sai ya dakatar, a kai shi asibiti, in ya warke a dawo da shi a cika sauran lissafin. Fyodor Dostoevsky, wanda ya yi zaman kurkuku a Omsk daga 1850 zuwa 1854, ya kwanta a asibiti ɗaya da irin waɗannan mutane, ya kuma bayyana su a littafin da ya rubuta game da zamansa a can. A 1827 aka kai wa Sarki Nicholas na Ɗaya rahoton wasu Yahudawa biyu da suka ƙetare kogin Prut a ɓoye suka karya dokar killace masu annoba, aka nemi a kashe su. Sarkin ya ƙi. Ya ba da umarni a bi da su ta tsakiyar mutum dubu sau goma sha biyu, ya kuma ƙara da godiya ga Allah cewa a ƙasarsa babu hukuncin kisa, ba kuma shi ne zai kawo shi ba. Tsumagiya dubu goma sha biyu ke nan a kan kowane mutum ɗaya. Ba a banza aka yi wa wannan sarki laƙabi da Nicholas Mai Sanda ba.

Leo Tolstoy ne ya fi kowa gane inda ciwon yake. A wani gajeren labari da ya rubuta a 1903, wanda ba a buga ba sai 1911 bayan rasuwarsa, wani saurayi ya kwana yana rawa da budurwar da yake so, yana kallon mahaifinta, wani dattijon kanar mai fara'a, cike da sha'awa. Da asuba farin ciki ya hana shi barci, ya fita yawo, sai ya tarar ana bi da wani sojan Tatar da ya gudu daga aiki ta tsakiyar sahu biyu, kanar ɗin nan kuma shi ke kula da aikin. Abin da ya kashe soyayyar har da jinin da ya gani a bayan Batataren, amma inda labarin ya fi tsayawa shi ne lokacin da kanar ya juya ya kwaɗa wa wani ƙaramin soja mari saboda bai doka da ƙarfi ba. Hannun da ya yi marin sanye yake da safar fata mai laushi, irin wadda ya sa daren jiya kafin ya ɗauki 'yarsa rawa. Ga alama a duk tarihin wannan horo, wannan ce safar hannu ɗaya da ta cancanci a tuna da ita.

Soke horon bai zo don tausayi kaɗai ba. Hukumar sojan ruwan Birtaniya ta haramta shi a 1806. A wannan shekarar ce Napoleon ya ragargaza rundunar Furusiya a Jena, masu neman gyara irin su Scharnhorst da Gneisenau suka kafa hujja cewa ba za a kira 'yan ƙasa masu mutunci su kare ƙasarsu ba alhali ana fasa musu baya kamar jakai. Sabbin dokokin soja na 1808 suka tabbatar da sokewar. Ostiriya ta biyo baya a 1855, Rasha kuma sai a 1863, zamanin Alexander na Biyu, bayan ta sha kashi a yaƙin Kirimiya.

A Amurka maganar ta sami wata kafa ta daban. Turawan da suka faɗa hannun wasu ƙabilun asali na arewa maso gabashin nahiyar sun tarar da al'ada mai kama da wannan, inda mutanen gari, har mata da yara, sukan jeru sahu biyu su tarbi fursunan yaƙi da sanduna. Isaac Jogues, limamin Katolika Bafaranshe, ya sha wannan a hannun Mohawk a 1642, haka ma Daniel Boone a hannun Shawnee a 1778. A nan ana barin mutum ya yi gudu da gaske, kuma sau da yawa abin gwaji ne kafin a karɓe shi cikin dangi: Boone ya fita, shugaban da ya kama shi kuma ya mayar da shi ɗansa. Turawan suka laƙaba wa al'adar sunan horon barikinsu, labaran fursunoni kuma, waɗanda aka yi ta bugawa ana saye, suka cusa maganar cikin Turancin Amurka har wasu suka ɗauka daga can ta faro.

Yanzu mu dawo ga yadda ake amfani da ita a yau. Galibi ana faɗin maganar ne sannan a biyo ta da "of" da sunan abin da aka ratsa: 'yan jarida, masu zanga-zanga, masu suka, shingayen bincike. Ana kuma amfani da ita a labarin yaƙi, kamar ayarin jiragen da Birtaniya ta tura tsibirin Malta a Agustan 1942, inda jiragen kaya 14 suka tashi, 5 kawai suka isa, bayan sun bi ta ruwan da jiragen sama da na ƙarƙashin teku na Jamus da Italiya suka tsare. A hirar yau da kullum kuwa ta yi sanyi har ta zama abin raha. Bature zai ce ya yi wannan gudu don kawai ya ratsa ta tsakiyar masu tallar turare a babban kanti, ko don surukai sun tsare shi da tambayoyi a wurin biki.

Amma ko a cikin raha maganar tana riƙe da sharuɗɗanta, kuma duk wanda ya yi amfani da ita a kan kowace irin wahala ya yi kuskure. Dole akwai hanya mai mashiga da mafita. Dole masu cutarwar suna da yawa, a jere, ɗaya bayan ɗaya. Mai wucewar kuma ba shi da wata hanyar, ba shi da damar ramawa, abin da ya rage masa kawai shi ne ya jure ya kai ƙarshe. Saboda haka ba a faɗin ta game da talauci ko doguwar jinya, domin waɗannan zama ake yi a cikinsu, ba a ratsa su. Ba ita ce "gaba kura baya sayaki" ba, wadda ke siffanta mutumin da ya tsaya cak tsakanin zaɓi biyu marasa daɗi. "Tsaka mai wuya" ma ba ta kama ta sosai ba, don ita ma tsayuwa ce. "Ya sha da ƙyar" tana ba da labarin ƙarshen ne kawai, ta bar tafiyar. Shaɗin Fulani yana da tsumagiya da juriya da 'yan kallo, sai dai saurayi da kansa yake shiga fili, mutum ɗaya ne ke dukansa, kuma ranar ramuwa na nan tafe. Hoton da ya fi kusa a cikin Hausa, a ganina, shi ne siraɗi, yadda malamai suke siffanta shi da ƙugiyoyi gefe da gefe suna fizgar masu wucewa, wani ya wuce lafiya, wani ya wuce da rauni, wani ya faɗa. Shi ya sa idan editan Hausa ya rubuta cewa wanda aka zaɓa minista ya tsallake siraɗin majalisar dattawa, ya fi kusa da ma'anar fiye da duk wata fassara ta kalma da kalma. Inda kuma siraɗi ya yi wa labarin nauyi, faɗin abin a fili ya wadatar: ya keta ta tsakiyar 'yan jarida suna yi masa ruwan tambayoyi.

Su kansu masu harshen suna tuntuɓe a kanta. Da yawa sukan rikita ta da "run the gamut", wadda ta fito daga sunan ma'aunin muryoyin kiɗa na zamanin da, ma'anarta kuma a taɓo komai daga farko har ƙarshe. Wasu editocin Amurka sun daɗe suna ƙoƙarin raba auren da aka ɗaura tun ƙarni na 17, suna cewa a rubuta "gantlet" idan horo ake nufi, a bar ɗayar wa safa. Jama'a ba su saurare su ba.

Abin da amfanin yau da kullum ya manta shi ne mutanen da ke cikin sahun. Idan aka faɗi maganar yanzu, hankali yana kan mai wucewa ne, jarumtarsa ko kunyarsa. Su wane ne suka jeru, wa ya jera su, wa zai amsa laifi, duk sun ɓace. Sau biyu aƙalla a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 aka tuna wa duniya cewa waɗannan tambayoyi su ne asalin abin.

A ranar 24 ga Yunin 1976 gwamnatin kwaminisanci ta Foland ta sanar da ƙarin farashin abinci, har sukari ya ninka. Washegari ma'aikata suka fito a Radom da Ursus da wasu garuruwa. Gwamnati ta janye ƙarin, amma ta huce a kan waɗanda aka kama. A ofisoshin 'yan sanda aka riƙa bi da su ta tsakiyar sahu biyu na masu kulki, wasu sau da yawa. Sunan da aka raɗa wa abin shi ne hanyar lafiya, wato sunan hanyoyin motsa jiki da ake yi a wuraren shaƙatawa. Labarin wannan duka na cikin abin da ya sa wasu 'yan boko suka kafa kwamitin kare ma'aikata a Satumban shekarar, suna tattara shaida suna tallafa wa iyalan waɗanda aka ɗaure, kuma wannan haɗuwa ta masu alƙalami da masu aikin ƙarfi ita ce ta share fagen ƙungiyar Solidarity a 1980.

Na biyun a cikin Turanci ya faru, da kalmar kanta. A Satumban 1991 ƙungiyar Tailhook ta matuƙan jiragen saman sojan ruwan Amurka ta yi taronta na shekara a otal ɗin Hilton da ke Las Vegas. A hawa na uku, da dare, hafsoshi sukan jeru gefe da gefe a wani siririn baranda, su bar mata su shigo tsakiya, sannan su rufe su da cafka da yage tufafi. Su da bakinsu suke kiran wurin "the gauntlet". Laftanar Paula Coughlin, matuƙiyar helikwafta kuma dogariyar wani adimiral, tana cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Da ta ga ƙarar da ta kai ba ta motsa komai ba, sai ta fito ta yi magana a bainar jama'a a 1992. Sakataren sojan ruwa, Lawrence Garrett, ya yi murabus a watan Yunin shekarar. Rahoton babban sufeton ma'aikatar tsaro da ya fito a 1993 ya ƙirga mata 83 da maza 7 da aka ci wa zarafi.

Masu bincike sun yi ta fama da matsala ɗaya. Barandar cunkushe take, haske kaɗan ne, hannuwa kuma ta ko'ina suke fitowa, saboda haka yawancin matan ba su iya nuna fuskar wanda ya yi musu abin ba, hafsoshin da suka tsaya a wurin kuwa suka ce ba su ga kowa ba. An yi wa wasu horon cikin gida, an toshe wa wasu ƙarin girma, babban hafsan sojan ruwa Frank Kelso ya yi ritaya kafin lokacinsa a 1994. Kotun soja ba ta kama ko mutum ɗaya da laifin cin zarafin ba. Coughlin ta bar aikin soja a wannan shekara, kuma a watan Oktoba masu taya alƙali hukunci a Las Vegas suka ba ta diyyar miliyoyin daloli a ƙarar da ta shigar a kan otal ɗin, bisa sakacin rashin samar da tsaro a barandar.